Filin Direbobi: Maganin Feshin Ruwa Yana Gindin Taya

Da zarar hadari ya haɗo, abin da mai keke mai ƙafa uku yake fara yi shi ne ya saki labulen tampol ya ɗaure, a zatonsa ya gama shirin damina ke nan. Amma duk wanda ya taɓa shiga keken nan ana ruwa ya san ba na sama kaɗai ke jiƙa fasinja ba. Akwai wanda taya ke ɗebowa daga ƙasa, gauraye da taɓo da baƙin mai da ƙazantar kwata. Ruwan sama idan ya taɓa riga bushewa take yi; na taya kuwa sai ta je wurin wanki.

Maganar ta shafi jama'a da yawa, domin keken ya zama abin hawan talaka a ƙasar nan. Ya yi suna a Ikko zamanin da Kanar Buba Marwa yake mulkin jihar, daga 1996 zuwa 1999, har aka laƙaba masa Keke Marwa. Shirin yaƙi da talauci na NAPEP, wanda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2001, ya baza shi jihohi. A Kano kuwa sunan A Daidaita Sahu ya bi shi tun zamanin Malam Ibrahim Shekarau, sa'an nan ya cika gari bayan an hana acaɓa a 2013.

To, me ya sa feshinsa ya fi damun mutane? Dalili na farko shi ne ƙanƙantar taya. Tayar da aka saba gani a kekunan Bajaj da TVS, wato mai lamba 4.00-8, zagayenta bai wuce mita ɗaya da kashi uku cikin goma ba. Idan keke yana gudun kilomita 40 a awa, tayar nan tana juyawa fiye da sau 8 a kowane sakan, kuma kowane juyi sai ta ɗebo ruwa ta watsa shi baya da sama da gefe. Na biyu, tayoyin baya suna daidai ƙarƙashin mazaunin fasinja ne, ga shi gefen keke a buɗe yake. Na uku, ana gina titi da ɗan tudu a tsakiya don ruwa ya gangara gefe, kuma tun 1972 da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, ƙaramin abin hawa gefen dama yake raɓewa. Ke nan tayar dama a cikin kwantaccen ruwa take yini, kusa da masu tafiya a ƙasa da masu kasa kaya a bakin hanya.

Tun da daga taya ruwan ke tasowa, a gindinta ya kamata a tare shi. Abin dubawa na farko shi ne murfin taya. Na gaba yakan lanƙwashe ko ya tsage saboda gogayya a cunkoso, wasu ma cire shi suke yi su yar. Mai walda zai iya miƙe shi cikin ɗan lokaci. Bayan haka sai a rataya leɓen roba mai kauri a bayan kowace taya. Ya kamata faɗinsa ya ɗara na taya kaɗan, kuma ya sauko kusa da ƙasa ba tare da ya taɓa ta ba, ko da an cika keke da fasinja. Idan ya yi gajarta, ruwa zai wuce ta ƙarƙashinsa. Idan ya yi tsawo, taya za ta take shi ta fizge ran da aka yi ribas. Roba mai laushi kuwa iska ce ke ɗaga ta da an fara gudu. A ɗaure shi da noti, ba da waya ba, a kuma nisanta shi daga salansa saboda zafi.

Akwai wata dabara da ƙasashen Turai suka sa cikin doka a 1991 game da manyan motoci. An lura cewa ruwa idan ya bugi roba mai santsi tarwatsewa yake yi ya zama hazo, amma idan cikin robar yana da kaushi kamar ciyawa, sai ruwan ya rasa ƙarfi ya zirara ƙasa. Mai keke zai iya cin moriyar wannan ilmi ta hanyar manna guntun tabarmar roba mai gashi-gashi a fuskar leɓen da ke kallon taya.

Sai dai duk gyaran nan ba ya maye gurbin sassauta gudu, gama feshi yana ƙaruwa ne da ƙaruwar gudu. Haka kuma kada wani ya ruɗi kansa cewa suɗaɗɗiyar taya ta fi ƙarancin feshi. Zanen taya shi ke kore ruwa don roba ta kama kwalta. Idan ya shafe, keke zamewa yake yi, kuma abin hawa mai ƙafa uku ba ya da wuyar kifewa a kwana. Bayan an ratsa ruwa mai zurfi, a ɗan tattaka birki a hankali don ya bushe. Idan tirela ko tifa tana gaba, a ba ta rata, domin feshinta yakan rufe gilashi ɗungum, alhali waifa ɗaya tak gare shi. Labulen tampol ma a tabbatar bai tare madubi ba.

An san direba yana da balas ɗin da zai kai wa mai keke, ko an yi ruwa ko ba a yi ba. Amma fasinjan da aka ɓata wa farar riga ranar Juma'a ba zai sake tsayar da wannan keke ba, kuma taɓon da ke manne a ƙarƙashi shi ke jawo tsatsar da ke cinye jiki tun ba a gama biyan bashi ba. Don haka ya dace ƙungiyoyin masu keke da Hukumar Kiyaye Haɗurra su sa duba leɓen taya cikin shirinsu na kowace damina. Da sanyin safiya ake kama fara. Kada a jira sai ruwan Agusta ya kankama.