Motar Abinci a Harabar Majami'a

Lokacin tarurruka ya sake zagayowa. Daga ƙarshen damina zuwa Ista da wuya wata ya wuce ba a yi taron Zumuntar Mata, ko na matasa, ko na mawaƙa, ko godiyar kaka, ko naɗin sabon fasto ba. Duk wanda ya taɓa zama cikin kwamitin shiri ya san cewa zancen mai wa'azi ba ya ɗaukar minti goma, amma zancen abinci yakan cinye rabin zaman. Yanzu kuma wata sabuwar magana ta shigo majalisun ikilisiyoyinmu na birni. Matasa suna cewa a daina kafa murhu a bayan majami'a, a ɗauko hayar motocin abinci su zo su ciyar da taro. Wasu dattawa sun ce ba da su ba. Mu muna goyon bayan a gwada, amma da sharuɗɗa, kuma akwai guda ɗaya da ba za mu sassauta a kansa ba.

Domin 'yan'uwanmu na ƙauye da ba su taɓa ganinta ba: motar abinci babbar mota ce da aka mayar da cikinta madafa. Akwai murhun gas, da firji, da tankin ruwa, da taga a gefe inda ake miƙo abinci. Asalinta Amurka ne. A 1866 wani makiyayi a jihar Tekzas, Charles Goodnight, ya gyara keken doki ya sa masa akwatin kayan girki domin ciyar da masu kora shanu a doguwar tafiya. Irin wadda ake yayi yanzu kuwa ta yi suna ne daga 2008, lokacin da motar Kogi ta fara yawo a birnin Los Anjalis tana sanar da inda za ta tsaya ta Twitter. Daga can abin ya bazu har ya iso Legas da Abuja. Ba wani baƙon abu ba ne a wurinmu in an duba da kyau. Mai tsire da mai shayi da mai ƙosai sun daɗe suna bin taro da kayansu. Abin da ya ƙaru shi ne taya huɗu da inji.

Dalilinmu na fari shi ne iyayenmu mata. Mu faɗa wa kanmu gaskiya. A taron kwana uku na mutum ɗari biyar, su wane ne suke tashi ƙarfe uku na dare? Su wane ne suke tsince shinkafa, su fasa itace, su yi jigilar ruwa, su tsaya kan tukwane cikin hayaƙi har idanunsu su yi ja? Mata ashirin ko talatin ne, kuma kusan su ɗin ne dai kowace shekara. Ana buɗe taro da addu'a suna bakin murhu. Ana nazarin Littafi Mai Tsarki suna wanke-wanke. Ranar rufewa mai gabatarwa ya ce a tafa wa mata masu dafuwa, a tafa, su kuwa ba su ma ji tafin ba domin suna can suna kankare ƙanzo. Abin da ya fi ba mu kunya shi ne har a taron Zumuntar Mata kanta haka ake yi: taron nasu ne, amma wasunsu su koma gida ba su ji wa'azi ko ɗaya ba. Muna yin wa'azi a kan Marta da Maryamu daga Luka sura 10, muna yabon wadda ta zauna ta saurara, sa'an nan mu fito mu rubuta sunayen waɗanda za su zama Marta na kwana uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki da itace da gawayi a gidaje yana kashe mutane wajen miliyan 3 kowace shekara. Tsohuwar da take fama da hawan jini ko tari bai kamata hidimarta ga ikilisiya ta zama tsayuwa cikin wannan hayaƙi ba.

Akwai kuma batun wuri. A ƙauye fili yana da yawa, itace yana kusa. A biranen da muke 'yan tsiraru yawancin majami'unmu suna kan ɗan ƙaramin fili, gida a dama, shago a hagu. Hayaƙinmu da ruwan wankinmu suna shiga wa maƙwabta, kuma mun san yadda ƙaramin abu yake zama babbar magana a irin waɗannan unguwanni.

Na biyu shi ne lafiya. Yadda muka saba, ana dafa shinkafa da asuba, a zuba a kula, a raba ta ƙarfe biyu na rana, ragowar kuma a ajiye wa 'yan dare. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka kawai: ko dai a riƙe shi da zafi sama da digiri 60, ko a sanyaya shi ƙasa da digiri 5. Shinkafa tana da nata hatsarin na musamman, domin akwai wata ƙwayar cuta da tafasa ba ta kashe irinta, in shinkafar ta daɗe tana ɗumi-ɗumi sai ta farfaɗo ta saki guba, kuma ɗumame ba ya kawar da gubar. Yawancin gudawar da muke ɗora wa "canjin ruwa" bayan taro, daga cikin kula ta fito. A 2021 kwalara ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma jihohin Arewa ne suka fi jin jiki. Motar da take dafawa kaɗan-kaɗan tana miƙawa da zafi ta fi tukunyar asuba aminci. Amma fenti mai kyau a jikin mota ba shaidar tsabta ba ne. Cikin membobinmu akwai nas-nas da jami'an duba-gari. A tura biyu su shiga cikin motar kafin a sa hannu kan komai. Su ga inda ruwanta yake fitowa, su ga ko firjin yana aiki in an ɗauke wuta, su tambayi takardar gwajin lafiyar ma'aikata. Mai motar da ya hana a leƙa madafarsa ya riga ya ba ku amsa.

To, sai kuɗi, inda dattawa suke da hujja mai ƙarfi. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 a biranen Arewa cikin 'yan kwanaki, a tsakiyar 2024 kuma hauhawar farashin abinci ta kai kusan kashi 40 cikin ɗari. Mai mota zai sa kuɗin mai, da gas, da ma'aikata, da ribarsa. Babu shakka faranti ɗaya daga mota ya fi faranti ɗaya daga tukunyarmu tsada a takarda. Sai dai takardarmu ba ta taɓa zama cikakkiya ba. Ba ma rubuta hayar tukwane da kuloli, da kuɗin mai ruwa, da buhun da ya yi ƙafa, da naman da ya ragu tsakanin kasuwa da murhu. Ba ma rubuta kwana ukun da mai sayar da kayan miya ta rufe teburinta a kasuwa ta zo ta dafa mana kyauta. Arhar da muke taƙama da ita, gumin wasu ne ya biya ta. Duk da haka, ikilisiyar da lissafinta ya nuna ba za ta iya ba, kada ta ci bashi domin a ce ta waye. Ikilisiya mai mutum tamanin ba ta da abin yi da mota. Wannan magana ta manyan tarurrukan birni ce.

Ga sharaɗin da ba za mu sassauta ba. Hayar motar abinci iri biyu ce. Ko dai mai taro ya biya gaba ɗaya kowa ya ci, ko kuwa mota ta zo ta tsaya kowa ya sayi nasa. Iri na biyu ne zai fi jan hankalin ma'aji, domin asusun ikilisiya ba zai girgiza ba. Muna roƙon kowace majalisa ta ƙi shi. Ku duba su wane ne suke zuwa tarurrukanmu. Akwai ma'aikacin banki da ya zo da motarsa. Akwai kuma mai bishara daga bakin daji wanda aka yi masa karo-karo kafin ya sami kuɗin mota, da gwauruwa mai yara uku, da waɗanda rikici ya kora daga ƙauyukansu suna zaune a gidan dangi. In aka buɗe taga aka rataye farashi, za a ga wasu suna cin kaza da soyayyar shinkafa, wasu kuma sun koma cikin majami'a sun buɗe Littafi suna cewa azumi suke yi. Wannan shi ne ainihin abin da Manzo Bulus ya tsawata wa ikilisiyar Koranti a kai cikin wasiƙarsa ta fari, sura 11: an taru wuri ɗaya, mai hali ya ƙoshi, marar hali ya ji kunya. Tuwonmu na bayan majami'a, duk da hayaƙinsa, bai taɓa tambayar kowa kuɗi ba. Saboda haka ikilisiya ta biya a dunƙule, a ba kowane mutum tikiti iri ɗaya a wurin rajista, abinci iri ɗaya ko biyu ga kowa, daga Rabaran har yaron makarantar Lahadi. Kada naira ɗaya ta wuce ta tagar nan. Wannan kuma shi ne amsa ga dattijon da yake tsoron kada a mayar da gidan Ubangiji kasuwa.

Matasa masu sha'awar motar kuma su ɗauki alƙalami su yi wannan lissafi. Mota taga ɗaya gare ta. Ko da ta sallami mutum ɗaya kowane minti ɗaya, mutum 60 ke nan a awa. Taron mutum 600 mai hutun awa ɗaya zai bukaci taga goma. Iyayenmu mata da manyan cokula da tebura biyar sun fi wannan sauri nesa ba kusa ba. Dogon layi na masu jin yunwa kuwa ba abin wasa ba ne. Ba mu manta da Disamba 2024 ba, lokacin da turmutsutsu wajen rabon abinci ya kashe mutane a Ibadan da Okija, da kuma mutum 10 a harabar wata majami'a a Maitama, Abuja. Mafita tana cikin Markus sura 6, inda aka zaunar da jama'a rukuni-rukuni, ɗari-ɗari da hamsin-hamsin, almajirai suka bi su da abinci. A yi haka. Mota ta zuba a robobi, matasa da 'yan Birged su ɗauka a tire su kai wa mutane inda suke zaune, a fara da tsofaffi da masu goyo da yara.

Maganar tsaro ba ta bukatar dogon bayani ga wanda ya tuna Madalla ranar Kirsimeti ta 2011, da hedkwatar COCIN a Jos cikin Fabrairu 2012. Tun daga wannan lokaci muka kafa shinge, muka hana mota kusantar ginin sujada. Ba za mu rushe wannan doka ba don mota tana ƙamshin miya. A san mai motar da ma'aikatansa da suna tun kafin rana, a bincika ta a bakin ƙofa, a tsayar da ita nesa da hanyar fita da wurin wasan yara. Tukunyar gas da janareta da taron jama'a wuri ɗaya suna bukatar abin kashe gobara mai aiki, da mutum guda da ya iya amfani da shi.

Wa za a ba aikin? Cikin Ayyukan Manzanni sura 6, da gunaguni ya tashi kan rabon abinci, ikilisiya ba ta ɗauki abin da wasa ba, mutum bakwai masu shaidar kirki ta zaɓa. A kafa irin wannan kwamiti, mata su fi yawa a ciki domin su ne suka san mudu, kuma kada ɗan'uwan ma'aji ko surukin fasto ya sami aikin a ɓoye. A nemi farashi daga wuri uku. Ba dole ba ne mai motar ya zama namu. In maƙwabcinmu Musulmi ne ya fi tsabta da cika alkawari, a ba shi, hakan ma zai sa mai unguwa da sauran baƙin da muka gayyata su ci hankali kwance. Amma mu tuna da gwaurayenmu da suke riƙe da gida da sayar da ƙosai da waina da kunu. Karin kumallo nasu ne, kuma a biya su farashin kasuwa, kada a ce su yi "don Ubangiji" alhali baƙo yana karɓar kuɗinsa cif.

Akwai abu ɗaya da iyayenmu mata da kansu suke faɗa, kuma mun yarda da su. A bakin murhu ake waƙa, a can ake sulhunta waɗanda suka yi shekara ba sa gaisawa, a can amarya take koyon yadda ake tuƙa tuwon mutum ɗari. Hannu da yawa, in ji Bahaushe, maganin ƙazamar miya. Mota ba za ta kawo wannan ba, kuma ba mu ga motar da take yin gwate ko tuwon acca da miyar karkashi ba. Don haka a bar wa ikilisiya abinci ɗaya ta dafa da hannunta, na yammacin ranar ƙarshe, bayan an rufe koyarwa. Maza su faso itacen, matasa su wanke tukwanen.

Sauran kuma a rubuta a takarda, shugaban kwamiti da mai mota su sa hannu gaban shaidu biyu: yawan faranti, girman nama, ƙarfen da za a iso, abin da za a yi in mota ta lalace a hanya, da wanda zai kwashe robobi da ledoji kafin maƙwabta su wayi gari su tarar da su cikin kwatarsu. Kafin alƙalami kada ya wuce rabi. Ragowar a biya bayan an ƙirga tikiti.