Akwatuna da Igiyoyi: Hoton da ke Amsa Murya

Da yawanku kun sha ganin bidiyon bango mai haske wanda zanensa ke sauyawa nan take idan mutum ya ɗaga hannu ko ya yi magana, kuna zaton sai mai kuɗi. Ni ban yarda da haka ba.

Ba a rubuta dogayen layukan umarni a wannan aiki. Akwatuna ake jerawa a fuskar kwamfuta, a haɗa su da igiyoyi: wannan ya karɓi sauti daga makirufo, wancan ya mayar da ƙarfinsa lamba, na uku ya faɗaɗa da'ira gwargwadon lambar. Miller Puckette ne ya ƙirƙiro Max a cibiyar IRCAM ta birnin Faris a shekarun 1980, sannan a 1996 ya fito da Pure Data, wadda kyauta ce har yau. TouchDesigner ma, ta kamfanin Derivative na Kanada, tana da nau'in kyauta ga wanda ba kasuwanci zai yi ba, iyakarsa ɗigo 1280 a tsaye da kwance. To, ina hujjar satar manhaja?

Abin da nake ji muku tsoro shi ne sauƙin jan igiya. Wanda bai san kusurwa da ma'aunin da'ira ba, kwafar aikin wasu kawai zai yi ta yi. Ku fara da tauraro mai tsini takwas, murabba'i biyu, ɗaya an juya shi digiri 45, ku sa muryarku ta riƙa juya shi.