Gwamen Yara Ba Aikin Iska Ba Ne

Ya ku malamai da attajiran Zango da sauran ƙasar Daura, maganarmu ta yau a kan ƙafafun 'ya'yanmu take.

Kowa ya san yaron da ya isa tafiya bai tashi ba, ko kuwa ya tashi ƙafafunsa sun lanƙwashe kamar baka, ko gwiwoyinsa na gugar juna, wuyan hannu a kumbure, maɗiga ta ƙi rufewa. Sai ka ji ana cewa gado ne, ko iska ce ta taɓa shi, a yi ta yawo da shi har ƙashi ya ƙosa a karkace. Alhali kuwa ƙashin ne bai sami abin da zai yi ƙwari da shi ba. Abin nan biyu ne: kalshiyam, watau ma'adinin da ake gina ƙashi da shi, da bitamin D, wanda ke shigar da shi jini daga hanji. Shi bitamin ɗin, Allah ya sa fata ke yinsa in rana ta taɓa ta. Na cikin nonon uwa kaɗan ne, balle uwar da ba ta ganin rana.

A Ingila, inda hayaƙi da gajimare suka tare rana, wani likita, Edward Mellanby, ya gwada a kan 'yan kwikwiyo a 1919, ya ga man hantar kifi yana warkar da ciwon. To, amma mu rana ba ta yi mana rowa ba. Shi ya sa likitoci suka bincika a Jos, suka buga sakamakon a 1999. Yara 123 suka yi wa magani, sai ga shi waɗanda aka ba kalshiyam, ko shi kaɗai ko haɗe da bitamin D, sun fi waɗanda aka ba bitamin zalla warkewa. Ashe tuwon masara ba nono, shi ne tushen abin a can.

Saboda haka ra'ayinmu, kada wanda ya ɗauka kwalba ɗaya ta kemis ta gama aiki. Jariri har ya shekara, likitoci sun ƙayyade masa awo 400 na bitamin D kullum domin rigakafi. Wanda ciwo ya riga ya kama, likita ne zai yanka masa nasa awon, a haɗa da kalshiyam, a daure wata uku ko fiye. Masu sayar da magani a kasuwa, ku ji tsoron Allah, kada ku zama likitoci: bitamin D in ya yi yawa taruwa yake yi a jiki, ya ɓata ƙoda.

Malamai kuwa, ku ne ake kawo wa yaran nan da farko. Ku yi addu'a, sa'an nan ku tura uban asibiti. Ku faɗa a wurin suna cewa a yawaita wa yaro nonon shanu da miyar kuka da ƙananan kifi dakakku har da ƙayarsu, maijego kuma ta riƙa zama da jaririnta a tsakar gida da hantsi. A fi kula da 'ya mace, domin ƙugun da ya tsuke a ƙuruciya shi ke wahalar da ita ranar haihuwa.