Faifan Al Green Na 1977: Tsakanin Mace Da Ubangiji

'Yan'uwa, wasu dattawanmu kan ce duk waƙar da ba a rerawa a sujada ta Shaiɗan ce. Ban yarda ba, kuma hujjata ita ce faifan Al Green mai suna The Belle Album.

Wannan baƙar fatar Amurka da waƙoƙin soyayya ya yi suna. A 1976 ya zama fasto a majami'ar Full Gospel Tabernacle da ke birnin Memphis. Da shekara ta zagayo ya fitar da faifan nan ba tare da Willie Mitchell ba, mutumin da ya saba shirya masa kiɗa. A waƙar farko yana shaida wa wata mace cewa yana sonta, amma Ubangiji ne ya mallaki zuciyarsa. Bai zage ta ba, bai kuma yi ƙaryar cewa sha'awa ta mutu ba.

Faifan bai yi kasuwa kamar na baya ba, kuma daga 1980 ya shafe shekaru yana waƙoƙin bishara zalla. Duk da haka na 1977 ya fi amfanar saurayin da jaraba ke ja, domin a cikinsa mawaƙin yana tsakiyar kokawa tukuna. Dattawa, kafin ku hana yaro sauraronsa, ku sa a fassara muku waƙar farkon nan.