Mabuɗi ɗaya, ƙofa goma: wa ke duba aikin maƙerin?

Ma'aikaci a yau ba ya son ɗaukar tarin lambobin sirri a kansa. Saboda haka ne ma'aikatu da jami'o'i da yawa suka rungumi tsarin shiga sau ɗaya: mutum ya gabatar da kansa da safe a ƙofa guda, sauran ƙofofin na'ura su buɗe masa ba tare da wata tambaya ba. Sauƙi ne babba, amma duk wanda ya sami wannan mabuɗi, gidan gaba ɗaya ya samu.

Ɗaya daga cikin ƙa'idodin da ake bi wajen wannan aiki ita ce SAML, wadda ƙungiyar OASIS ta fito da siga ta biyu tata a shekara ta 2005. Yadda take aiki ya yi kama da takardar shaida. Na'urar da ta san mutum tana rubuta cewa wane ne wannan, ta buga hatiminta na lissafi, ta ba shi takardar ya kai ƙofa. Mai tsaron ƙofa kuwa aiki biyu ne a gabansa: ya tabbatar hatimin na gaskiya ne, sannan ya karanta sunan. Manhajojin da ke wannan tsaro, da yawansu buɗaɗɗu ne, kowa na iya karanta rubutunsu, ya ɗauka kyauta.

A watan Fabrairu na 2018, Kelby Ludwig na kamfanin Duo Security da ke Amurka ya bayyana wata ɓaraka da ta shafi irin waɗannan manhajoji da dama, cikinsu har da python-saml da ruby-saml da Shibboleth. Harshen XML da ake rubuta takardar da shi ya yarda a saka ɗan sharhi a tsakiyar rubutu, wanda ba a ƙidaya shi cikin magana. Sashen da ke duba hatimi yakan share sharhin kafin ya yi lissafinsa, don haka ba ya ganin an taɓa komai. Sashen da ke karanta suna kuwa, a wasu manhajojin, da ya kai kan sharhin sai ya tsaya.

Mai karatu ya ɗauka akwai wani Aliyu da ke da izinin shiga na halal. Ya karɓi takardarsa, ya cusa sharhi tsakanin "Ali" da "yu". Hatimi yana nan lafiya lau, amma ƙofa ta karanta "Ali", ta buɗe masa ɗakin wani mutum dabam. Ba a fasa kwaɗo ba, ba a saci lambar kowa ba.

Abin lura a nan shi ne, in an ɗauki kowane sashe shi kaɗai, da wuya a ga laifinsa. Ɓarnar tana wurin haɗuwarsu ne: abin da aka tabbatar dabam, abin da aka yi aiki da shi dabam. Mai bitar da ya tsaya kan layuka ashirin da aka kawo masa yau, yana duban tsabtar rubutu da kyan sunaye, zai wuce ta bai sani ba.

Kuma ciwon bai warke daga nan ba. A watan Satumba na 2024 an sake gano wani rauni a ruby-saml wanda ke ba mai riƙe da takarda ɗaya mai hatimi damar shiga da sunan duk wanda ya ga dama, har GitLab ya fito da gyara cikin gaggawa. A watan Maris na 2025, masu bincike na GitHub suka bayyana cewa manhajar tana amfani da makaranta XML guda biyu, REXML da Nokogiri, waɗanda ana iya sa su fahimci takarda ɗaya ta fuska biyu. Tsohuwar cuta ce cikin sabuwar riga.

Darasin a fili yake. Buɗe rubutun manhaja ga jama'a ya ba da damar dubawa, amma bai tilasta wa kowa ya duba ba. Aikin kowa da kowa sau da yawa yakan zama aikin babu kowa. Bitar da ta dace da ƙofar shiga ita ce wadda ke bin takarda tun daga isowarta har zuwa buɗe ƙofa, tana tambaya a kowane mataki: sunan da aka karɓa, shi ne wanda hatimi ya rufe? Sai kuma gwaji da gurɓatattun takardu da aka shirya da gangan, domin takarda mai kyau ba ta tona asirin mai tsaro.

Ma'aikatar da ta ɗauki irin wannan manhaja kyauta, ita ma akwai nauyi a kanta: ta san sigar da take amfani da ita, ta sa gyara da zarar ya fito, ta kuma taimaka da kuɗi ko da ma'aikaci wajen bita. Wanda ya damƙa duk ɗakunansa ga mabuɗi ɗaya, bai kamata ya yi rowa ga mai duba kwaɗon ba.