Shi yana dangwale, ke kina zuba kuɗin adashi



Maganar da aka saba ji ita ce kirifto harkar yara ce, matasa sun rungume ta, manya kuma suna ɗari-ɗari. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Kamfanin Chainalysis da ke bin diddigin wannan kasuwa ya sanya Najeriya ta biyu a duniya wajen amfani da kirifto a 2023 da 2024, kuma kowa ya san ba tsofaffi ne suka kai mu can ba. Sai dai ki lura da abin da yaron gidanki yake zubawa a harkar. Data ce, da cajin waya, da barcinsa. Ki ce ya ciro dubu ashirin daga kuɗin ɗinkin sallarsa ya sayi Bitcoin, nan take zai fara sosa ƙeya.

Yawancin yaranmu ta ƙofar mainin suka shiga. Ba a manta 2024 ba, lokacin da Notcoin ta fashe a watan Mayu wasu suka samu kuɗi na gaske ba tare da sun zuba ko kwabo ba. Daga nan gari ya ɗauka. A makaranta, a bakin shago, har a gidan biki, kowa ya duƙufa yana dangwalar fuskar waya a Hamster Kombat da TapSwap. Da Hamster ta fashe a ƙarshen Satumba, da yawa abin da suka samu bai biya kuɗin datar da suka ƙona ba. 'Yan Pi kuwa tun 2019 suke jira, sai a Fabrairun 2025 aka buɗe musu kasuwa. Farashinta ya kusa taɓa dala 3, cikin 'yan makonni ya dawo ƙasa da dala ɗaya.

Yaron da ya ga wannan da idonsa, don ya ƙi sa kuɗinsa ni ban ga laifinsa ba. Kullum yana kallon farashi a wayarsa. Ya san Bitcoin, wadda ita ce uwa a harkar, ta kai kusan dala 69,000 a Nuwamban 2021, bayan shekara guda ta faɗo wajen dala 16,000, sai a Disamban 2024 ta haura dala 100,000. Wanda ya iya haƙurin shekara uku ya ci riba. Wanda kuɗin makaranta ko na asibiti ya tilasta masa sayarwa a tsakiya ya tashi da kusan kwatan abin da ya zuba. Matashin da ba shi da albashi ya san a wane layi yake, shi ya sa ya zaɓi ya yi asarar lokaci.

Mu kuma tarbiyyarmu a kan kuɗi daban ce. Mun saba da abin da ido ke gani: adashi, sarƙar gwal a ƙasan akwati, tunkiya a bayan gida, fili idan Allah ya hore. Ba mu yarda da manhaja ba, mutum muke yarda da shi. Uwar adashi ba ta da ofis, amma mun san gidanta, mun san mijinta. Kuma mu ne ke riƙe da dunƙulallen kuɗi, na ɗaukar adashi, na kayan ɗakin 'ya, na gado. Tun da naira ta zube daga wajen 460 a kan dala ɗaya a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, kowace mai ajiya hankalinta a tashe yake, tana neman inda kuɗinta ba zai narke ba.

A nan ake yi mana shigo-shigo ba zurfi. Mai son kuɗinki ba zai turo baƙo ba. Ta bakin ɗanki zai zo, ko ƙanin miji, ko ƙawa a zauren WhatsApp na 'yan unguwa. An yi MMM, wadda ta daskarar da kuɗin jama'a a Disamban 2016. A Afrilun 2025 aka sake da CBEX, wadda ta yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, wai na'ura mai ƙwaƙwalwa ce ke yin cinikin. Rana ɗaya aka wayi gari ba a iya cire komai, har fusatattu suka far wa ofishinsu a Ibadan. Hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari ta ce ba su da rajista da ita, EFCC ta shiga bincike. Waɗanda suka zuba ba Bitcoin suka saya suka ajiye ba. Kuɗinsu suka miƙa wa wasu, aka riƙa biyan na farko da kuɗin na baya, kirifto kawai hanyar da kuɗin ya bi ce.

Irin waɗannan tsare-tsare suna ba da lada ga duk wanda ya kawo sabon mutum. Don haka yaron da ke cewa “Umma, wallahi ana samu” ba lallai ƙarya yake yi ba, yana iya samun nasa kason daga shigowarki. Shi bai yi niyyar cutar da ke ba, bai dai tsaya ya yi lissafin daga aljihun wa ladan ke fitowa ba. Ki tambaye shi cikin ruwan sanyi: “Kai nawa ka zuba naka? Ka taɓa cirewa ya shigo asusunka na banki? Idan na shiga me za a ba ka?” Idan ya ce shi ba ya sa kuɗi, dangwale kawai yake yi, to ya riga ya ba ki amsa. Wanda ya fi ki sanin kogin ya tsaya a bakin gaɓa.

Ba ina cewa duk harkar damfara ba ce. Akwai 'yan kasuwa da ke ajiya a USDT, wadda aka ɗaure darajarta da dala, akwai masu karɓar kuɗin aikinsu daga ƙasashen waje ta wannan hanya. Gwamnati ma ta sauya matsayi. Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna taɓa harkar a Fabrairun 2021, ya janye hanin a Disamban 2023, sannan dokar zuba jari da aka sa wa hannu a Maris 2025 ta sanya kirifto ƙarƙashin kulawar SEC, ta kuma tanadi ɗauri ga masu tsarin ninka kuɗi. Duk wanda ya nuna miki takardar CAC, ki sani rajistar sunan kamfani ce kawai, ba izinin karɓar jarin jama'a ba. Ko mai lasisin SEC ɗin ma bai isa ya yi miki alkawarin riba ba. Ta fuskar addini malamai sun rabu a kan halaccin kirifto, wannan sai ki tuntuɓi malamin da kika natsu da shi.

Akwai kuma abin da yara ke karɓa a hannunmu wanda ba ma ɗaukarsa a bakin komai. Manhajojin nan suna neman shaidar ɗan ƙasa da hoton fuska kafin a cire kuɗi, yaron da bai kai shekara 18 ba kuwa na Umma zai nema. “Kawo NIN ɗinki, kalli nan, ƙifta ido.” Wani kuma asusunki na banki zai ara yana karɓar kuɗin cinikin da yake yi da mutanen da bai taɓa gani ba. Ranar da kuɗin sata ya biyo ta ciki aka kai ƙara, asusun da za a rufe mai sunanki ne, ke za a kira ki yi bayani. Idan har kin amince ya yi amfani da sunanki, ki sa ya zauna kusa da ke ya nuna miki manhajar, da wanda ya turo kuɗin, da abin da aka sayar masa. Lambar sirrin da banki ke turowa wayarki kuwa, ko shi kada ki karanta masa.