Tsaron Amurka Ba Tsaronmu Ba Ne

Ya ku 'yan uwa matasa, duk sa'ad da mahukuntan Amurka suka ambaci kalmar tsaro, to mu tsaya mu tambaya: tsaron wa? Amsar tana nan kusa, a maƙwabciyarmu Nijar.

A Agadas, Amurka ta kashe sama da dala miliyan 100 ta gina sansanin jirage marasa matuƙa, suka fara tashi a 2019. Sojojinta a ƙasar sun kai kimanin 1,000. Aka ce yaƙi da ta'addanci aka zo yi. To, an daina kashe talakawa a Tillaberi? Wallahi ba a daina ba. Da sojojin da suka kifar da Bazoum suka soke yarjejeniyar a Maris 2024, babban abin da ya dami Washintan shi ne kada Rasha da Iran su samu gindin zama. Zuwa Satumba ta kwashe nata ya nata ta tafi.

A 2025 kuma gwamnatin Trump ta rufe hukumar USAID, tallafin magani da abincin yara ya yanke a wurare da dama, ba wanda ya shawarci majinyata. Amma ran 25 ga Disamba na shekarar aka samu kuɗin harba makamai masu linzami a jihar Sakkwato, da yardar gwamnatin Nijeriya. Tun a Mayun 2024 wasu masana, ciki har da Farfesa Attahiru Jega, suka gargaɗi Shugaba Tinubu kada ya karɓi sansanin baƙi.

Ba muna wanke 'yan bindiga ba ne. Mai zubar da jinin bayin Allah azzalumi ne, ko da wane suna ya zo. Abin da muke cewa shi ne, kura ba ta kiwon akuya don Allah.

Tsaron manomin Kafin Hausa shi ne kada ambaliya irin ta 2022 ta sake cinye masa shinkafa, kada kacalla ta toshe kogin Hadeja, kada rikici ya shiga tsakaninsa da makiyayi. Wane jirgin yaƙi ne zai yi masa wannan?

Don haka 'yan uwa, mu yi karatu, mu san duniya, mu fita aikin gayya, mu tambayi shugabanninmu abin da suka sa wa hannu da sunanmu. Allah Ya tsare mu da tsarewarSa. Wassalam.